Daga Topeka zuwa Washinton: bin sawun shari'ar da ta buɗe wa baƙaƙen fata ƙofar aji

Jirgin fasinja ba ya zuwa Topeka a kai a kai, don haka a Kansas City na sauka na ɗauki motar haya. Tafiyar kilomita ɗari da 'yan kai ce a kan babbar hanya mai lamba 70. Wani sashe na hanyar ana biyan kuɗin wucewa, kuma yanzu babu mai karɓar kuɗi a hannu: na'ura ke ɗaukar lambar mota, kamfanin hayar ya cire daga baya har da ladansa. Gara mutum ya tambayi yadda suke lissafin tun kafin ya karɓi makulli. Jirgin ƙasa yana tsayawa a Topeka da kuma Little Rock, amma duk cikin dare ko da asuba, shi ya sa mota ta fi. Sawun shari'ar Brown nake bi, wadda a cikinta Kotun Ƙolin Amurka ta haramta raba yara farare da baƙaƙe a makarantun gwamnati a 1954. Zangona huɗu ne: Topeka a jihar Kansas, Little Rock a Arkansas, Farmville a Virginia, sai Kotun Ƙolin Amurka a Washinton. Kwana shida ya isa.

Makarantar firamare ta Monroe da ke Topeka, wadda a da aka ware wa yara baƙaƙen fata, gini ne na jan bulo mai hawa biyu a wata unguwa da ba ta da hayaniya. An daina karatu a cikinta a 1975, gwamnatin tarayya ta mai da ita wurin tarihi a 1992, aka buɗe wa masu ziyara a 2004. Shiga kyauta ne. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne ginin ba lalatacce ba ne. Azuzuwan manya ne, da tagogi masu shigo da haske, kuma malaman da suka koyar a nan baƙaƙen fata ne masu ilimi sosai. A nan ne ma ƙarfin shari'ar Topeka yake.

Tun 1896, a shari'ar Plessy, Kotun Ƙoli ta ce jiha tana iya raba fari da baƙi muddin abin da ta tanadar wa kowane ɓangare daidai yake. Alƙalai bakwai suka amince, John Marshall Harlan kaɗai ya ƙi. Lauyoyin NAACP, ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙen fata, da farko a ƙarƙashin Charles Hamilton Houston, daga baya ɗalibinsa Thurgood Marshall, ba su tunkari wannan hukunci gaba da gaba ba. Sun faro daga sama, daga makarantun koyon aikin lauya da karatun gaba da digiri, inda yake da wuya jiha ta gina wa baƙi wata makaranta dabam da za ta kai ta farare, kuma inda alƙalai da kansu suka san me ake nufi da makaranta mai kyau. Sun yi nasara a shari'ar Gaines a 1938, sannan ta Sweatt da ta McLaurin a 1950. Sai da wannan harsashi ya zauna suka sauko kan firamare da sakandare.

A Kansas, wata doka ta 1879 ta yarje wa garuruwan da mutanensu suka haura 15,000 su raba makarantun firamare. Topeka tana da 18 na farare, huɗu na baƙaƙe. Reshen NAACP na garin, wanda McKinley Burnett ke shugabanta, ya tara iyaye 13 a madadin yara 20. Aka ce kowa ya kai ɗansa makarantar farare mafi kusa da gidansa ya nemi a ɗauke shi, idan an ƙi ya kawo rahoto. Wannan matakin dole ne, domin kotu ba ta sauraron wanda ba a cuta masa kai tsaye ba. Oliver Brown, mai walda a kamfanin jirgin ƙasa kuma mataimakin fasto, ya kai 'yarsa Linda makarantar Sumner aka mayar da su. Ita Linda sai ta ratsa ta filin da ake juya taragun jirgi kafin ta kai inda za ta hau bas zuwa Monroe. An shigar da ƙara a Fabrairun 1951. Alƙalai uku na kotun farko suka ce gine-gine da malamai kusan daidai suke, don haka hukuncin Plessy ya ɗaure musu hannu, amma suka rubuta a cikin bincikensu cewa wariyar ita kanta tana cutar da yaro baƙar fata. Wannan layin ne lauyoyi suka ɗauka zuwa sama.

Abin da ake kira shari'ar Brown ƙararraki biyar ne: na Kansas, South Carolina, Virginia, Delaware da birnin Washinton. Na Washinton an yanke shi dabam, saboda gyara na 14 na tsarin mulki, wanda aka yi a 1868 don ba kowa kariyar doka daidai, jihohi yake ɗaurewa, Washinton kuwa ba jiha ba ce. An saurari shari'ar a 1952, alƙalai suka kasa haɗa kai, aka ɗage. Babban alƙali Fred Vinson ya rasu a Satumbar 1953, Earl Warren ya gaje shi, ya bi abokan aikinsa ɗaya bayan ɗaya har ya samu dukkan tara. Ranar 17 ga Mayu, 1954, suka yanke cewa makarantun da aka raba ba za su taɓa zama daidai ba.

Akwai wani lungu a cikin ginin da ake bi ta tsakanin manyan allunan bidiyo, hagu da dama taron mutane na ihu da zagi, kamar yadda aka yi wa yaran da suka fara shiga makarantun farare. Taku kaɗan ne, amma gani ya kori ji. Akwai kuma bayanin gwajin 'yartsana da masana halayyar ɗan Adam Kenneth da Mamie Clark suka yi, inda yara baƙaƙe da yawa suka zaɓi farar 'yartsana a matsayin mai kyau. Wani sashe da na daɗe a gabansa shi ne na malamai. Da aka fara haɗe makarantu, na baƙaƙe aka riƙa rufewa, malamai da shugabannin makarantu baƙaƙen fata dubun-dubata suka rasa aikinsu a kudancin ƙasar, domin hukumomi ba su yarda baƙi ya koyar da ɗan fari ba. Hukuncin bai ce komai a kansu ba, kuma har yau malamai baƙaƙe sun yi ƙaranci a Amurka.

Daga Topeka zuwa Little Rock kusan kilomita 800 ne, awa bakwai da 'yan kai, ta Missouri a gangaro kan hanya mai lamba 49 sannan a kama ta 40. A cika tanki kafin a shiga tsaunukan arewacin Arkansas.

Abin da ya faru a Little Rock ya samo asali ne daga hukunci na biyu da kotu ta yanke a Mayun 1955 kan yadda za a aiwatar da na farko. Ba ta sa wa'adi ba. Ta miƙa aikin ga hukumomin makarantu da alƙalan tarayya na kowane yanki, da wasu kalmomi da ke nufin a yi da sauri amma a tsanake. Masu adawa suka riƙe kalmar tsanaki suka watsar da sauri. A 1956 'yan majalisar tarayya kusan ɗari daga kudu suka sa hannu a takardar alkawarin yaƙar hukuncin. A ganina wannan shi ne babban kuskuren kotun, domin haƙƙin da aka ce na yaro ne yau, an bar wa wanda ya tauye shi ya zaɓi ranar da zai mayar.

Makarantar Central High katafaren gini ne da aka kammala a 1927 kan dala miliyan ɗaya da rabi. Har yau ana karatu a cikinta, saboda haka ba a shiga sai da jagora, kuma sai an nemi gurbi tun kafin a zo. Wanda bai yi haka ba zai tsaya ne a cibiyar masu ziyara da ke tsallaken titi, titin da yanzu ke ɗauke da sunan Daisy Bates, shugabar NAACP ta jihar a wancan lokaci. A kusurwa akwai tsohon gidan mai na Mobil da aka gyara, inda 'yan jarida suka riƙa buga waya suna aika labari.

Hukumar makarantun garin ta tace ɗaliban da suka nema ta amince da 17, tara suka rage: Ernest Green, Elizabeth Eckford, Jefferson Thomas, Terrence Roberts, Carlotta Walls, Minnijean Brown, Gloria Ray, Thelma Mothershed da Melba Pattillo. Ranar 4 ga Satumba, 1957, gwamna Orval Faubus ya girke dakarun jiha a ƙofa suka hana su shiga. An shirya su taho tare, amma gidan su Elizabeth babu wayar tarho, saƙon bai same ta ba, ta zo ita kaɗai tana da shekara 15. Na bi tsawon titin da ta taka daga inda sojoji suka tare ta zuwa bencin jiran bas. Gaban makarantar dogo ne ƙwarai, kuma duk tsawon nan taro na biye da ita suna zagi. Ranar 23 ga wata aka shigar da su ta ƙofar gefe, tarzoma ta sa aka fitar da su kafin a tashi. Washegari shugaban ƙasa Eisenhower ya turo sojojin runduna ta 101 sama da dubu, ya kuma karɓe ikon dakarun jihar daga hannun gwamna. Ranar 25 suka shiga da rakiyar soja.

Hotuna a nan suke tsayawa, wahalar kuwa a ciki take. Soja yana raka ɗalibi a baranda, amma ba ya shiga aji ko banɗaki ko ɗakin canza kaya, kuma can ake dukansu. An kori Minnijean a Fabrairun 1958 bayan ta mayar da martani ga masu tsangwamarta. Ernest Green ya kammala a watan Mayu. A Satumbar shekarar Kotun Ƙoli ta yanke shari'ar Cooper, alƙalai tara duk suka sa hannu, cewa gwamna ko majalisar jiha ba su da ikon yin watsi da hukuncinta. Faubus ya rufe manyan sakandaren garin guda huɗu tsawon shekarar karatu guda.

Daga Little Rock jirgi na hau zuwa Richmond, na sake ɗaukar mota, kilomita ɗari zuwa Farmville. Ƙaramin gari ne, kuma mafi yawan masu wannan tafiya suna tsallake shi, alhali shi ya fi koyar da ni. Makarantar Moton an gina ta ne don ɗalibai 180, a 1951 sun haura 450. Maimakon ƙarin azuzuwa, hukuma ta kafa rumfunan katako da aka lulluɓe da takarda mai kwalta, ruwa na zuba, murhu ɗaya ke ɗumama kowace. Ranar 23 ga Afrilu, 1951, Barbara Johns, 'yar shekara 16, ta tara ɗalibai a zauren taro suka fita yajin karatu. Suka rubuta wa lauyoyi Oliver Hill da Spottswood Robinson. Lauyoyin suka ce ba za su karɓi ƙarar neman sabon gini ba, sai dai ta rushe wariyar gaba ɗaya, kuma sai iyaye sun sa hannu. Iyaye suka sa. Cikin ƙararrakin nan biyar, wannan kaɗai ce ɗalibai suka faro da kansu. Saboda barazana, dangin Barbara suka tura ta Alabama wajen ɗan'uwan mahaifinta.

Da kotu ta matsa, gundumar Prince Edward ta daina ware wa makarantun gwamnati kuɗi baki ɗaya. Daga 1959 zuwa 1964 a rufe suke. Farare suka buɗe makaranta mai zaman kanta, daga baya har da tallafin kuɗin jama'a. Yara baƙaƙe kusan 1,700 suka zauna, wasu aka tura su wajen dangi a wasu jihohi, da yawa ba su sake komawa aji ba. Yaron da ya isa shiga aji ɗaya a 1959 sai yana da shekara 11 ya samu ƙofa a buɗe, bayan hukuncin da Kotun Ƙoli ta yanke a shari'ar Griffin a 1964. Zauren taron yana nan da dandamalinsa, a nan ake fara nuna wa baƙo fim ɗin yajin.

Shekara goma bayan hukuncin Brown, yaran baƙaƙen kudu da ke aji ɗaya da farare ba su kai kashi 3 cikin 100 ba. Abin da ya motsa lamarin kuɗi ne. Dokar haƙƙin jama'a ta 1964 ta ba gwamnatin tarayya ikon yanke tallafi ga duk hukumar da ke wariya, dokar ilimi ta 1965 kuma ta zuba kuɗi masu yawa a makarantu, sai ya zama akwai abin da za a rasa. A 1968, a shari'ar Green, kotu ta soke dabarar cewa kowa ya zaɓi makarantar da yake so, domin ba farin da ke zaɓar ta baƙaƙe, baƙin da ya zaɓi ta farare kuwa ana iya korar ubansa daga aiki. A 1971 ta amince a riƙa kwasar yara a bas zuwa wasu unguwanni. Cikin 'yan shekaru makarantun kudu suka fi na ko'ina a ƙasar cakuɗuwa.

Daga Farmville zuwa Washinton awa uku ne. Na mayar da motar, domin wurin ajiye mota a kusa da kotu wahala ne, jirgin ƙarƙashin ƙasa ya fi, a sauka a tashar Capitol South. Ginin farin dutse ne da aka gama a 1935, a goshinsa an sassaƙa kalmomin da ke nufin adalci daidai ga kowa a ƙarƙashin doka. Ana shiga kyauta daga Litinin zuwa Juma'a bayan binciken jami'an tsaro. Ana sauraron shari'u daga Oktoba zuwa Afrilu, yawanci Litinin zuwa Laraba da ƙarfe goma na safe, kujerun jama'a kaɗan ne, kuma ba a shiga zauren da waya ko kyamara. Ranar da ba a zama, ma'aikata suna shigar da baƙi zauren su yi musu bayani. Ƙararraki dubbai ake kawowa a shekara, kusan 60 ake saurara, kuma sai alƙalai huɗu cikin tara sun yarda kafin a karɓi ƙara.

A wannan zauren aka yanke hukunci biyu da suka tsayar da tafiyar, kowanne da rinjayen alƙali ɗaya, biyar da huɗu. A 1973, shari'ar Rodriguez daga Teksas: makarantun Amurka sun dogara sosai kan harajin gidajen gundumarsu, unguwar masu kuɗi ta tara da yawa, ta talakawa kaɗan, kotu ta ce wannan bai saɓa wa tsarin mulkin tarayya ba. A 1974, shari'ar Milliken daga Detroit: farare sun ƙaura zuwa garuruwan gefen birni, alƙalin ƙasa ya haɗa gundumomi 53 cikin shirin bas, Kotun Ƙoli ta ce ba a tsallake iyakar gunduma sai an tabbatar ita ma ta yi wariya da gangan. Thurgood Marshall, wanda a lokacin ya zama alƙali a kotun, yana cikin huɗun da suka ƙi. Tun daga nan, mai halin sayen gida a bayan layin gunduma ya fita daga hukuncin Brown ba tare da ya karya doka ba.

Sauran rigimar ta koma ƙofar jami'a, kan tsarin ba wa waɗanda aka danne fifiko wajen ɗaukar ɗalibai. Shugaba Johnson ya kafa hujjarsa a jami'ar Howard a 1965, da misalin mutumin da ya shekara da shekaru a ɗaure, aka kwance shi aka kai shi layin tsere aka ce ya yi gudu da kowa. Makarantar likitanci ta jami'ar Kalifoniya da ke Davis ta ware kujeru 16 cikin 100. Allan Bakke, farar fata da aka ƙi ɗauka sau biyu, ya kai ƙara. A 1978 kotu ta haramta ware kujeru, amma alƙali Lewis Powell ya ce ana iya duba launin fata a matsayin abu ɗaya cikin abubuwa da yawa, don aji ya ƙunshi mutane iri-iri. Ya ƙi yarda da hujjar gyara zaluncin da al'umma ta yi a baya. A ganina tun daga nan aka ɗora tsarin a kan ƙafar da ba tasa ba, domin an ƙirƙiro shi ne don biyan bashi, aka koma kare shi da cewa yana amfanar kowa a aji. A 2003 jami'ar Michigan ta zo da ƙararraki biyu. A karatun digirin farko tana ba da maki 20 cikin 150 kai tsaye, aka soke. A makarantar lauyoyi ana karanta takardun kowane mai nema ɗaya bayan ɗaya, aka bari, mai shari'a Sandra Day O'Connor ta rubuta cewa tana sa ran nan da shekara 25 ba za a buƙaci hakan ba.

Ba a kai 25 ɗin ba. Ranar 29 ga Yuni, 2023, a ƙarar da wata ƙungiya da Edward Blum ya kafa ta shigar kan Harvard da jami'ar North Carolina, kotu ta haramta duba launin fata, shida da uku a ta North Carolina, shida da biyu a ta Harvard saboda mai shari'a Ketanji Brown Jackson ta janye daga wannan. Ƙorafin masu ƙara yana da nauyi, ba zan ɓoye ba: sun nuna cewa ɗalibai 'yan asalin Asiya masu maki mai yawa suna samun ƙaramin maki a sashen da ake auna hali, wanda ma'aikaci ke bayarwa da ra'ayinsa. Babban alƙali John Roberts ya bar ƙofa ɗaya: ɗalibi yana iya rubuta yadda launin fatarsa ya shafi rayuwarsa, a auna shi a kan abin da ya jure ko ya yi. Fifikon da wasu jami'o'i ke ba 'ya'yan tsofaffin ɗalibansu da na masu ba da gudummawa, wanda farare masu hali suka fi cin moriyarsa, hukuncin bai taɓa shi ba.

Mu a Najeriya muhawarar ba baƙuwa ba ce. Jami'o'in tarayya suna raba gurbi kashi 45 bisa cancanta, 35 ga yankin da jami'a take, 20 ga jihohin da aka bari a baya a ilimi, kuma mafi yawan jihohin Arewa suna cikin wannan rukuni. Bambancin shi ne namu yana da gindi a tsarin mulki, inda sashe na 14 ya wajabta daidaiton wakilci a ayyukan gwamnatin tarayya, nasu kuwa fassarar alƙalai ce, da alƙalan suka canza ta canza. Inda muka yi kama shi ne duka biyun a ƙofar jami'a suke jiran yaro, bayan firamare da sakandare sun riga sun tace waɗanda za su iso.

Jihohin da suka riga suka hana tsarin sun nuna abin da ke biyo baya. Kalifoniya ta hana ta hanyar ƙuri'ar jama'a a 1996, adadin baƙaƙen da aka ɗauka a jami'o'in jihar da ke Berkeley da Los Angeles ya faɗi warwas a shekarar farko da dokar ta fara aiki. A jami'ar MIT, ajin farko da aka ɗauka bayan hukuncin 2023 baƙaƙe kashi 5 ne cikin 100, alhali a shekarun baya kusan 13 ne. Teksas ta bi wata hanya tun 1997: duk ɗalibin da ya fito cikin kashi goma na sama a sakandarensa yana da gurbi a jami'ar jiha, ko da yake babbar jami'ar da ke Austin ta tsaurara kason daga baya saboda yawan masu nema. Dokar ba ta ambaci launin kowa ba, kuma tana shigar da baƙaƙe da 'yan asalin Latin Amurka da 'ya'yan ƙauye. Tana iya yin hakan ne saboda sakandaren jihar da yawa har yanzu kusan launi ɗaya ne a cikinsu, kowace unguwa da tata.